Likitan masu ciki mai haɗari yana nan a Kano, amma wace mace ce ke samunsa a kan lokaci?

Iyayenmu mata idan ana maganar haihuwa a asibiti sukan ce ai mu a ɗaki muka haife ku duka, ga ku nan garau. Kuma ba ƙarya suke yi ba, mafi yawan ciki lafiya yake zuwa lafiya yake sauka ko da likita ko babu. Matsalar tana wajen ragowar. Ƙiyasin da masana lafiya suka daɗe suna aiki da shi shi ne kusan kashi 15 cikin 100 na masu juna biyu za su gamu da wata matsala wadda in ba a samu ƙwararren hannu ba za ta iya tafiya da rai, su kuma waɗanda abin ya tafi da su ba sa nan balle su ba mu nasu labarin, shi ya sa kullum muryar waɗanda suka sha muke ji. Akwai wani rukuni na likitoci da aikinsu gaba ɗaya a kan wannan kashi 15 ɗin yake ƙarewa, kuma abin da ya fi damuna game da su shi ne matar da ta fi kowa buƙatarsu ita ce ke zuwa hannunsu a ƙarshe, sau da yawa bayan an gama zagaye ko'ina.

Ciki mai haɗari ba sai mace ta kwanta ciwo ba fa. Tana iya kasancewa tana girkinta tana shararta tana shirya yara Islamiyya, amma likita ya duba katinta ya ce wannan sai an sa mata ido. Mai hawan jini, mai sikila, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai ɗauke da tagwaye, wadda aka taɓa yi wa aiki a haihuwar baya, wadda sikanin ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, yarinyar da ta ɗauki ciki ƙugunta bai gama buɗewa ba, da uwar da wannan ne cikinta na tara ko na goma. Abin da ya sa namu ya fi wuya shi ne sai ka ga mace ɗaya ta haɗa uku ko huɗu, shekarunta sun doshi arba'in, kwanika take yi, maleriya da rashin abinci mai gina jiki sun shanye mata jini, ga kuma hawan jinin da ita kanta ba ta san tana da shi ba don ba ta tuna rabon da a ɗaura mata abin awo a dantse. Ga sikila kuma, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma alhamdulillahi yanzu 'yan mata masu sikila da yawa suna girma har su yi aure, to amma ciki a jikin mai sikila ba ƙaramin kaya ba ne, tun daga watan farko ya kamata a ce tana hannun ƙwararre.

Shi kuma likitan da zai iya da wannan ba a kwana ɗaya ake samar da shi ba. Shekara 6 a jami'a in yajin aiki bai ƙara masa ba, shekara 1 yana aiki a ƙarƙashin manya kafin a ba shi cikakken lasisi, shekara 1 bautar ƙasa, sannan ya nemi gurbin horon ƙwarewa a sashen mata da haihuwa ya yi shekara 5 ko 6 ko ma fiye yana kwana a asibiti yana rubuta jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, kafin a kira shi kwansaltan. Shekara 13 ke nan mafi ƙaranci, wanda kuma zai ƙara zurfi a fannin uwa da ɗan tayi sai ya ƙara wasu shekarun a kai. In mace ce, kuma mu a nan mata likitoci muka fi nema, duk wannan a daidai shekarun nata auren da nata goyon take yin sa, tana barin nata jaririn a gida da daddare ta je karɓar na wata.

Bayan duk wannan wahalar sai kuma a rasa shi. Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar. Wasu Saudiyya, wasu Ingila, kuma ni ban ga laifin mutumin da ya yi shekara goma sha yana karatu ya tafi inda zai samu kayan aiki da albashin da zai riƙe iyalinsa ba. Waɗanda suka zauna kuwa galibinsu suna cikin birni ne, asibitin Malam Aminu Kano, asibitin Murtala, asibitin Nassarawa, sai asibitocin kuɗi. Jihar mai ƙananan hukumomi 44.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin nan yanka ciki ne kawai a ciro yaro. Tiyatar ma ita ce mai sauƙin a wajensu. Mai wuyar shi ne yanke shawara, don marasa lafiya biyu ne a jiki ɗaya kuma wani lokacin abin da zai taimaki ɗaya shi zai cutar da ɗayan. Ɗauki mace mai cikin wata bakwai da jininta ya hau ya kai 160 a kan 110, fitsarinta ya nuna ƙoda ta fara jin jiki, tana kukan ciwon kai tana gani dishi-dishi, fuska da hannu sun kumbura har zobe ya ƙi fita. Wannan ciwon maganinsa na gaskiya shi ne a raba ta da cikin. To amma yaron bakwaini ne, huhunsa bai nuna ba. Sai likita ya fara lissafi, a ba ta maganin sauke jini, a yi mata allurar da ke hana jijjiga, a yi mata wata allurar da ke taimakon huhun yaron wadda ke son a ba ta kamar kwana biyu ta yi aiki, kuma a duk awa ana sake auna ta ana tambayar shin za ta iya jure waɗannan kwana biyun ko a ciro yanzu, sannan akwai kwalba a ɗakin jarirai ko duk an cika, akwai wuta, akwai jini a ajiye. Bayan ya gama da wannan sai ya fito baranda ya samu miji da uwar miji a tsaye, ya ce Malam sai fa an yi mata aiki a daren nan, shi kuma ya ce likita ai watanta bai kama ba, bari in kira Baba tukunna, Hajiya kuma ta ce mu danginmu ba a yi mana aiki. Iya zama da mutane a yi musu bayani cikin Hausar da za su gane ba tare da an raina su ba, wallahi rabin aikin ke nan, kuma ba kowane mai digiri ne ya iya ba.

Alƙaluman kam ba daɗin ji. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fito a 2025 ya ƙiyasta mata 260,000 ne suka rasu a duniya a 2023 sanadin ciki da haihuwa, kusan 75,000 daga cikinsu a Najeriya, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, wato sama da mata 200 kullum ta Allah. A lissafinsu kusan mata 1,000 ne ke rasuwa a duk haihuwa 100,000, ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 kuma ta ce 512, kowanne ka ɗauka dai ya yi nisa da ƙasa da 70 ɗin da ƙasashen duniya suka yi alƙawarin kaiwa kafin 2030. Ban da waɗanda suka rayu da rauni, duk wanda ya san sashen masu yoyon fitsari na asibitin Murtala ko asibitin Babbar Ruga a Katsina ya san abin da doguwar naƙuda ke bari a baya.

Abin da nake so 'yan Kano su sani shi ne ba ilimin ne babu ba, wani ilimin ma a nan garin aka tabbatar da shi. Jijjiga dai kowa ya santa, mace mai ciki ta faɗi tana taune harshe idonta ya juye, a gida sai a ce iska ce a kawo hayaƙi a kawo rubutu, alhali hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Babu mai hana addu'a, amma a yi ta a cikin mota ana hanyar asibiti. Maganinta wata allura ce mai arha, magnesium sulphate, wadda babban bincike na 2002 ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. A 2008 aka shigar da ita manyan asibitoci 10 na jihar Kano, aka horar da likitoci da ungozomomin asibiti yadda ake yin ta, sai mace-macen masu wannan ciwo a waɗannan asibitocin ya sauko daga kashi 20.9 cikin 100 zuwa kashi 2.3. Ba sabon gini aka yi ba, ba na'ura aka sayo daga Jamus ba, allura ce da horo da tabbatar da cewa maganin yana cikin durowa lokacin da aka neme shi.

Zubar jini bayan haihuwa ma haka, kuma shi ne ya fi kashe mata wajen haihuwa a duniya. Matsalarsa ita ce ido ba ya iya auna jini. Ya jiƙa zani, ya shiga katifa, ya zuba a ƙasa, nas ta kalla ta ce bai kai ba, mai jego kuma tana ta hira tana tambayar mace ce ko namiji, kafin a farga ta yi fari fat hannunta ya yi sanyi. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da asibitin Malam Aminu Kano tana cikin jagororin wani bincike mai suna E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Abin da aka yi amfani da shi wata leda ce da ake shimfiɗa wa mace a ƙasanta da zarar ta haihu, ƙarshenta ya tsuke kamar mazurari, an ja mata layi-layi da lambobi, duk jinin da ya fita nan yake taruwa, ungozoma tana kallo tana ganin inda ya kai. Da ya taɓa layin rabin lita ba a jira kowa, kuma ba a gwada magani ɗaya a zauna a ga ko zai yi, a lokaci guda ake murza mahaifa, a ba da allurar da ke tsuke ta, a ba da tranexamic acid mai tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai inda ya yage ko wani ɓangaren mabiyiya ya maƙale. Da wannan kawai mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kashi 60 cikin 100, kuma gano matsalar ya tashi daga kusan rabi zuwa sama da kashi 90. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi tsarin, mujallar TIME kuma ta sa Farfesa Galadanci cikin mutum 100 mafi tasiri a harkar lafiya a 2024. Ni wannan yana faranta min rai ƙwarai, 'yar garin nan ce, a nan take koyarwa, a nan take duba mata.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Ledar nan a asibiti ake shimfiɗa ta. Ƙididdigar 2018 ta nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa ko mace ɗaya cikin biyar ba ta kai ba. Wato duk wannan cigaban, mafi yawan matanmu ba su ma zo inda yake ba. A nan maganar adalci ke shigowa, don haɗarin ciki ba ya tambayar unguwa, amma tsira daga shi tana tambaya. Matar ma'aikacin banki a Nassarawa da matar manomi a ƙauyen Doguwa za su iya samun hawan jini iri ɗaya a wata ɗaya, ta farkon a awo na biyu za a gano, a ɗora ta a kan magani, a sa mata ranar haihuwa, ta biyun kuwa sai ta faɗi tukunna, sannan a fara neman mota, sannan a ratsa dajin Falgore.

Tun 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa abin gida uku, jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mu mun fi son magana a kan na farkon don shi ne ke ɗora laifi a kan talaka, a ce jahilci ne, a ce kunya ce ta haihuwar fari, a ce maigida ba ya nan ba wanda zai ba da izini, a ce an tsaya shan maganin zaƙi, ko an kira mai kemis ya yi allurar naƙuda a gida wadda ke iya fasa mahaifa. Duk suna faruwa, ba na musu. Amma mutum ba ya ƙin zuwa wuri haka kawai. Matar da ta taɓa zuwa aka daka mata tsawa tana kan gwiwa, ko aka bar ta a buɗe maza na wucewa, ko ta je ƙaramin asibitin unguwa da ƙarfe biyun dare ta tarar da kwaɗo a ƙofa, in ta ce wannan karon a ɗakina zan haihu lissafi ta yi da abin da ta gani. Jinkiri na uku shi ke haifar da na farko, kuma na ukun ba laifin talaka ba ne.

Maganar kuɗi ma sai an faɗi gaskiya. Kano ta fara tsarin haihuwa kyauta tun 2001, a Nuwamban 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, duk abin yabo ne. Amma duk wanda ya taɓa jinyar mai haihuwa ya san kyauta tana ƙarewa ne a inda kayan da aka ajiye suka ƙare, daga nan sai a miƙo maka 'yar takarda, safar hannu, ruwan leda, allura kaza, ka fita neman kemis ɗin da bai rufe ba. Ga kuɗin adaidaita sahu na dare, ga jini, a ce a kawo leda biyu, mutum ya tsaya yana kiran 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya wani ya ce yana azumi wani wayarsa a kashe, alhali maganin tsayar da jinin nan bincike na 2017 ya nuna cikin awa 3 na farko yake ceton rai, bayan nan amfaninsa ya tafi. Ita ma allurar tsuke mahaifa, oxytocin, sanyi take so, in ta kwana a shago cikin zafin Afrilu babu firji ƙarfinta raguwa yake, a yi wa mace a ɗauka an yi magani.

Kada kuma a ɗauka kuɗi kaɗai ne. A Amurka da duk dukiyarta, alƙaluman hukumarsu ta yaƙi da cututtuka sun nuna baƙar mace ta ninka farar mace kusan sau uku wajen haɗarin mutuwa sanadin ciki, kuma ko mai digiri ce ratar ba ta rufewa. Wani ɓangare na abin shi ne wa ake saurara idan ta ce jikina ba daidai yake ba. Mu a nan ba launin fata ke raba mu ba, amma a duba yadda ake karɓar mai Turanci da tsadadden mayafi da yadda ake karɓar wadda ta zo da silifas da zani ɗaya.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye da ba a cika magana a kai ba, ciwon zuciya na bayan haihuwa. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta ya nuna a wani asibiti a Kano kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu ke kamuwa da shi, yana cikin mafi yawa a duniya. An sha suna an watse, mai jego tana haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da filo, a ce ai jego ne a ƙara mata ruwan zafi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa, binciken baya-bayan nan kuma ya fi karkata ga talauci da rashin abinci mai kyau da ƙarancin sinadarin selenium da hawan jinin ciki. Ko ma dai mene ne, kwana arba'in ɗin nan ba lokacin da za a daina duba mace ba ne, kuma hakin mai jego na likita ne.

Shi ya sa ni a ganina darajar irin wannan likitan ba a yawan tiyatar da ya yi a birni kaɗai take ba, tana ga nisan da iliminsa ya yi ba tare da shi ba. Kwansaltan ba zai taɓa isa kowace mazaɓa ba ko da babu wanda ya tafi Saudiyya. Wadda ke kusa da matar ƙauye ita ce malamar ƙaramin asibiti, kuma tun 2014 ƙasar nan take da tsarin da ya yarda a koya wa irin waɗannan ma'aikatan wasu ayyukan ceton rai, kamar yin allurar farko ta hana jijjiga kafin a tura mace gaba. In tana da abin awon jini mai aiki, da ɗan tsinken gwada fitsari, da lambar wayar likitan da zai ɗauka da daddare, ita ce za ta tsamo waccan kashi 15 ɗin tun ciki yana wata huɗu, lokacin da ƙaramin asfirin da likita zai rubuta ke iya rage haɗarin, ta kuma gaya wa maigida tun da wuri cewa Malam wannan haihuwar ba ta gida ba ce, a tanadi mota a tanadi mutum biyu da za su ba da jini. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga 4 zuwa 8, amma awon da za a je a karɓi jan magani a dawo ba a auna jini ba ko sau ashirin aka je bai gano komai ba.

Tsarin ƙarin girma na likitocinmu bai cika saka wa wanda ya ɓata ranakunsa yana horar da ungozomomi a Rano ko Gwarzo ko Ɗambatta ba, babu alawus na kirki, babu gidan zama, makarantar yara ma sai a birni. In gwamnati da gaske take, nan ya kamata kuɗin ya tafi, tare da zaman da ake yi na bin diddigin kowace mace da ta rasu a haihuwa, a yi shi tsakani da Allah ba don neman wanda za a kora ba, a gano ƙarfe nawa ta iso, ƙarfe nawa aka taɓa ta, me aka nema aka rasa. Ita ma tiyatar kyautar a fito a faɗa a rediyo da Hausa, waɗanne asibitoci ne a cikin ƙananan hukumomi 44 ɗin, wa ya cancanta, jini yana ciki ko ba ya ciki, kuma wa mutum zai kira in ya je da daddare aka ce masa sai ya biya.